Itacen Zuman Babanmu

A unguwar Tandabawi ta Makka na tashi, a wani lungu da babu ko ciyawa sai duwatsu da gidajen kwano. Babanmu mutumin Sakkwato ne, ta Sudan ya iso Makka, yana sayar da shayi. Abu ɗaya ya dame shi: ƙofar gidansa babu itace. A ganinsa, magidancin da ba shi da inuwa har yanzu baƙo ne a gari.

Wata rana ya dawo da wani reshe a gwangwani, ganyensa siri-siri kamar allura. Wani Balaraben ƙauye ne ya ba shi, ya ce sunansa "athal". Kunnen Bahaushe bai saba da wannan harafin ba, sai Baba ya ji "asal", wato zuma. Shi ke nan fa, muka zama masu itacen zuma.

Ruwa a lokacin sai mai garwa ya ɗauko daga nesa, don haka Baba ya kafa doka: kowa a gindin reshen zai yi alwala, har baƙi. Ya kewaye shi da tsofaffin gwangwanaye saboda awaki. Inna kuwa kullum cikin mita take, wai an kawo mata wani bakin ciyarwa.

Itace ya girma har ya wuce rufin ɗakinmu, kore shar, rani da sanyi ba ya kaɗe ganye. Da safe ɗigo kan taru a ganyen. Muka lasa, gishiri zalla. Baba ya ce zumar ce ba ta nuna ba, kuma muka yarda, domin ba mu taɓa jin ya yi ƙarya ba.

Wani maƙwabci haifaffen Makka ne ya warware maganar a gaban abokan Baba, ya ce "athal" itacen gishiri ne, babu ruwansa da zuma. Aka yi ta dariya. Na ji tausayin Baba ƙwarai, don ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba. Washegari ya fito da gatari.

Ya tarar da Inna zaune a gindin itacen tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Alhaji, mi za ka yi?"

"Sare shi zan yi, halas, magana ta ƙare. Ya maishe ni abin dariya."

"Shi itacen ne ya ce maka zuma ne? Kai ka jiyo. Ni ma da za a ba ka ni, cewa aka yi mai haƙuri ce."

Baba ya jingine gatarin, ya ce ta ɗan matsa masa.