Ɗorawar Kaka da Bututun Gas

Jiya matata ta jefa daddawa a miya, ƙanshin ya biyo ni har zaure, sai na ji raina ya ɓaci. Ba laifinta ba ne. Kakata na tuna, wadda ta haifi babana, da ɗorawoyinta a bayan garinmu, can wajen Ƙofa.

Kai da ka tashi a birni ba lalle ka san wannan ba: a wajenmu gona daban, bishiyar cikinta daban. Gonar ta faɗa hannun ɗan wan kaka, wanda muke kira Baffa, amma ɗorawoyin nata ne, gadon uwarta. Kowa ya sani. Baffa ya noma dawarsa a ƙarƙashinsu, amma ko reshe bai isa ya sara ba. Ɗorawa ma wa ke sara ta? Sai dai wanda ba shi da mafaɗi.

Da bazara, in 'ya'yan sun nuna, mu jikoki ne 'yan kaɗo. Mu dawo baki da riga duk rawaya saboda garin ɗorawa, ta dube ni ta ce, "Kai angon nan, ka cinye sadakin tun a hanya?" Ita kalwar take so. Ta wuni tana dafa ta, ta surfa, ta wanke, ta rufe a kwando har ta yi. Hayaƙi ya sa idonta ja kamar gauta, ga tari, amma daddawarta har daga Dangora ake aiko saye. Da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Na girma, ta tsufa, sai ga mutane da huluna masu ƙarfi suna kafa turaku masu jan fenti. Wai gwamnati za ta wuce da bututun gas. Suka tambayi mai gona, aka nuna musu Baffa, da shi suka gama magana. Babu wanda ya ce bishiyoyin nan fa na wane ne? Tsohuwa tana cikin gida, wa zai shiga ya tambaye ta? Shi kuma Baffa ya ja bakinsa ya tsuke. Allah ya isa tsakaninmu da wannan shirun!

Ranar da katafila ta zo, da sandarta ta dogara har gonar. Wani jami'i ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. In gas ya zo, ke da hayaƙi har abada."

Ta ce, "Ɗan nan, in gas ya zo, me zan dafa da shi?"

Kafin la'asar ɗorawoyin duk suna ƙasa.

To ina gas ɗin? A rediyo muke jin ana ƙulla yarjejeniyar sayar da shi ƙasashen waje, a samo kuɗin ƙetare. Mu nan tukunyar gas ta gagari talaka. Tawa ma tana bayan ƙofa, kaza ke kwana a kai. Kowa ya koma gawayi, motoci na fitowa daga wajen Doguwa shaƙe da buhuna, daji na ƙarewa. Damina ta rikice, ta makara, in ta zo kuma ta kwashe ƙasar gona ta bar rami. Sannan a dawo rediyon nan dai a ce mana mu daina sare itatuwa saboda sauyin yanayi. Mu? Kai jama'a! Wa ya kawo katafilar?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Akwai ragowar kalwar bara a tukunyar kaka. Ta sa aka jawo mata rassan da katafila ta karya, suka bushe, aka faskara. Da itacen ɗorawar ta dafa kalwar ɗorawar. Ina tsaye, hayaƙi na shiga idonta, ban san ko shi ne ya kawo hawayen ba. Wannan daddawar ba ta sayar ba, gida-gida ta raba wa 'ya'ya da jikoki.

Ba ta ga wata bazarar ba.

Yanzu in na je gida nakan bi ta wurin. Fili ne fetal, an kafa allo an hana shuka bishiya a kan layin. Ko inuwar da zan tsaya in yi mata addu'a babu, a rana nake yi.