Goran Hamisu Mai Huda Uku

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, wallahi tallahi ni ya faru da ni, kuma da rana tsaka, ido na ganin ido. A shekarun ina facin taya a Gwarzo, bakin hanyar Kano, amma gidanmu can yake wani ƙauye a gefen Garo ta ƙasar Kabo, inda muke da wani dam da mutanenmu ke kamun kifi.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da ƙanena Hamisu. Ni ko kududdufi na gani sai na kewaye, shi kuwa kamar a ruwa aka yanke masa cibi. Yana da goransa, irin ƙaton nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi ta iyo, su riƙa jefa kifi ta bakinsa. Ni na ɗaura masa jar robar tub a wuya don kada ya ɓace cikin na mutane. In ya kai tsakiyar ruwa sai ya ƙwanƙwasa goran da yatsu, ƙwan, ƙwan, ƙwan, wai sallama yake yi wa kifi. Ina ce masa, "Kai dai wata rana tarwaɗa za ka auro mana." Ya ce, "Yaya, ai ta fi ka wanka." Kuma bai taɓa shigowa gida ba tare da ya kawo wa Inna tarwaɗa ɗaya ba, ko da ranar ita kaɗai ya kama.

To akwai wani masunci, Sale, mugun mutum, Allah ya sani. Shi ba ya wahalar jefa koma, maganin feshin gona yake tuttulawa a ruwa, kifi ya taso matacce, manya da 'ya'ya, ya kwashe. Hamisu ya gan shi, ya kai ƙara wurin sarkin ruwa, aka hana Sale shiga dam wata uku. A gaban mutane ya nuna ƙanena da yatsa ya ce, "Ruwan nan da kake karewa, sai ka sha shi ka ƙoshi."

Ranar wata Laraba ina tsakar aiki aka zo aka ce in taho gida. Innalillahi. Goran ya cika da ruwa a tsakiyar dam, ya nutse, ragar da ke ɗaure a jikinsa ta naɗe ƙafar Hamisu ta ja shi ƙasa. Aka tsamo su tare. Kowa ya ce ƙaddara, wai gora ya tsufa.

Ni kuwa neman huda ce sana'ata. Bayan sadakar uku na cika goran da ruwa na ɗaga, sai ga shi yana tsiyaya ta gindi, huda uku a jere, tsaf, irin ta basillar da aka sa a wuta. Na sa farce na kankaro abin da ya maƙale a ciki na sansana. Sabulu! An huda an toshe da sabulu, yadda sai ya yi nisa zai narke. Kuma gorunan duk a gindin tsamiya ake barinsu, kusa da rumfar Sale. Na kai wa sarkin ruwa, ya ce, "Malam, wa ya gani? Ka bar wa Allah."

Inna ta sa na rataye goran a ɗakinta, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ban yafe ba, duniya da lahira. Amma ka rantse ba za ka taɓa Sale ba. Na ba ruwa ɗaya, ba zan ba kurkuku na biyu ba." Na rantse da baki, zuciyata ba ta rantse ba. Shekara guda ina kallon Inna tana ramewa, loma biyu ta ture kwano, Sale kuwa har da sabon babur, in ya wuce ta Gwarzo yana ɗaga min hannu. Kai!

Ranar da na ji ya koma zuba maganinsa, na rufe shago na soke ƙarfen cire taya a cikin riga na hau hanya, ko gida ban biya ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, kashe shi na je yi. Na isa ana shirin azahar, kowa ya tafi masallaci, shi kaɗai ne a ruwa, kusa da gaɓa, ruwan iya ƙirjinsa, yana tsintar matattun kifi. Na zaro ƙarfen na laɓe bayan tsamiya ina jira ya fito.

Sai na ji ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na duba, ga gora can yana tahowa daga tsakiyar dam, babu kowa a kansa, iska tana kaɗawa gabas shi yana yin yamma, a hankali, kamar mai iyo ne ke tura shi. Da ya matso na hango jar roba a wuyansa, ɗaurin hannuna. Sale ya waiwaya, ya saki kifin da ke hannunsa ya ƙwala ihu, "Hamisu, ka yi wa Allah! Sharrin shaiɗan ne!" Bai rufe baki ba na ga ya yi ƙasa zuruf, kamar an fizgi ƙafarsa. Ya taso sau ɗaya, idonsa ya faɗa cikin nawa, ya miƙo hannu. Tsakaninmu bai fi taku goma ba, da na matsa na miƙa masa ƙarfen nan da ya kama. Ban miƙa ba, kuma ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Da ruwan ya lafa, goran ma babu shi.

Na ruga gida, na faɗa ɗakin Inna. Goran yana nan a rataye inda na bar shi, amma jiƙe sharkaf, har da gansakuka a jiki. Na sauko da shi, cike yake da ruwa, ga hudar nan uku ina kallonsu, ko ɗigo ba ya fita. A ciki kuwa tarwaɗa ce ɗaya, mai rai, tana juyi.

Inna ta dubi ƙarfen da ke hannuna, ta ga babu jini, ta dubi kifin. Ta ce, "Miƙo min wuƙa. Yaron nan bai taɓa shigowa hannu rabbana ba." Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljanun ruwa ne, wani ya ce idona ne. Ni dai ban sani ba. Abin da zan ce muku shi ne, kada ku cuci wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma in uwa ta ce ba ta yafe ba, ku nemi gafararta tun da sauran numfashi. Inna ta rasu, goran yana wurina. Har yau in na tsoma tub a ruwa ina neman huda, sai na tsinci kaina na kasa kunne.