Eulogia Techera da Saiwar da Ta Ƙi Fure

Haihuwa da tarbiyya

An haifi marigayiya Eulogia Techera a shekarar 1931, a wani ɗan ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Rocha, inda ruwan teku ke shigowa ya kwanta a fadama. Mahaifinta Venancio masunci ne, mahaifiyarta Isolina kuwa ita ce mai maganin ƙauyen, kuma maganinta ɗaya ne tal: saiwar gwaikuru, wani ɗan tsiro mai ganye manne da ƙasa. Idan ya yi fure, fadamar gaba ɗaya takan koma launin shunayya, kamar hayaƙin murhu da ya kwanta ya ƙi tashi, kuma a cikin wannan hayaƙi yarinyar ta koyi tafiya. Isolina kan dafa jar saiwar ta ba mai gudawa ya sha, mai ciwon baki ya kuskure, mai jegon da jini ya ƙi tsaya mata ta sha ta yi tsarki da shi.

Karatu

A shekarar 1938 aka sa ta a makarantar ƙauye, inda ta yi shekara uku tana kallon taga. Malamarta ta shaida cewa yarinyar tana da basira, sai dai rabin hankalinta kullum yana fadama.

Aure

A shekarar 1952 aka ɗaura aurenta da Nicanor Larrosa, mahauci daga garin Aiguá da ke cikin duwatsu, nesa da teku, wanda sana'arsa ita ce jiƙa naman shanu a ruwan gishiri ya shanya. Ranar tarewa mahaifiyarta ta danƙa mata gindin gwaikuru guda a cikin gwangwani.

"Ki riƙa yankar gefe, 'yar nan, kada ki taɓa kan," in ji Isolina. "Ranar da ya yi fure ya zubar da iri, ranar kin zama 'yar gari."

Isolina ta rasu a shekarar 1957, ba da jimawa ba kuma aka haƙa magudana aka tsotse fadamar domin kiwon shanu. Daga shukar uwarta babu abin da ya saura a duniya sai wannan gindi guda.

Zuri'a da hidimar magani

Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku tsakanin 1954 da 1960. Amma kowa a unguwar ya san akwai na huɗu a bayan ɗaki, wato gwaikurun nan, kuma shi ne ɗan lele. Eulogia ta dasa shi a ƙasa mafi kyau, ta zuba masa taki, ba ta ba shi ruwan rijiya sai na sama da ta tara a randa. Ya rayu, ya yi ganye, fure kuwa ko alama.

Mata suka yi ta sallama da yara masu gudawa, ita kuma bakinta bai iya cewa a'a ba. Duk sanda ta yanka, saiwar na ƙara sirancewa, babu kuma iri da zai gaje ta. Da yamma takan zauna gabansa da ƙoƙon shayin ganyen da ake kira mate, idanu a lumshe, har ta ji ƙarar igiyar ruwa a cikin duwatsun da ba su taɓa ganin teku ba.

"Tsohuwa, kin fi son ciyawar nan a kaina," Nicanor kan ce.

"Ita ba ta minshari, tsoho."

Shekarar ruwan gishiri

A shekarar 1979 saiwar ta riga ta koma kamar ɗan yatsa. A watan Oktoba, Nicanor, wanda bayansa ke ciwo kuma ƙiwa ba baƙuwarsa ba ce, ya kasa kai gangar ruwan gishirin nama kwatar da ake zubar da shi, ya tuntsurar da ita a bayan ɗaki. Ai kuwa ruwan ya gangara sai gindin gwaikuru! Eulogia ta fito ta tarar da ƙasar ta yi fari fat.

"Wayyo ni! Ka kashe min uwa sau biyu, Nicanor!"

"Haba, tsohuwa, ciyawa ce fa."

"Ciyawa ce? To ka je ta dafa maka abinci."

Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izar Isolina. Daga ranar ta daina miƙa masa ƙoƙon mate; tana sha ita kaɗai, yana zaune gefe yana haɗiyar yawu, abin da a gidajenmu ya fi zagi ciwo.

A watan Fabrairu na 1980 wani siririn kara ya fito daga tsakiyar ganyen, ya yi rassa, ya buɗe. Eulogia ta daɗe a tsaye tana kallon ɗan hayaƙin shunayya da ya sauka a bayan ɗakinta.

"Ashe duk shekarun nan ɗan teku nake ba ruwan sama," ta ce a hankali.

"To, ina tukwicina?" in ji Nicanor daga bakin ƙofa.

Ta cika ƙoƙon, ta miƙa masa.

Tsufa

Irin ya zuba, ya tsiro, har bayan ɗakin ya zama ƙaramar fadama a tsakiyar duwatsu. Ta ci gaba da ba da magani kusan shekara talatin, ba ta ƙara tsoron sa wa saiwar wuƙa ba, Nicanor kuma ya mayar da zubar da ruwan gishiri wani babban muƙami da ba ya bari kowa ya taɓa.

Rasuwa

Eulogia Techera ta rasu a watan Maris na 2008, tana da shekara saba'in da shida, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a maƙabartar Aiguá da ke kan tudu. Da aka gama rufe ƙasa, Nicanor ya durƙusa da ƙyar ya dasa ɗan gwaikuru a wajen kanta, sannan ya zaro kwalbar ruwan gishiri daga aljihu. 'Yarsa Delmira ta riƙe masa hannu.

"Baba, gishiri a kan kabari? Mutane za su ce baki ka yi mata."

"Sake ni, 'yar nan," ya ce. "Ni na san abin da take sha."

Ta rasu ta bar mijinta, da 'ya'ya uku, Amaro da Delmira da Celso, da jikoki bakwai, da kuma wancan na huɗun, wanda ya yi fure a kanta da zagayowar shekara.