Ranar da Na Danna Y Ban Karanta Ba

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin buga takardu, ba zan manta da wata ranar Laraba ba, ranar da na kusa hallaka littafin wani dattijo da yatsa ɗaya tal. An kwana biyu, amma har yau in na tuna sai in tsorata, daga baya kuma dariya ta kama ni.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, shagunan kwamfuta suna ta ɓullowa a Sabon Gari. Na gama makarantar koyon aikin sakatariya ke nan, sai mahaifin ƙawata ya ɗauke ni aiki a shagonsa. Bayarabe ne, amma a Fagge aka haife shi, gidansu na kallon namu, kuma tun ina ƙarama Baba nake ce masa. Ƙawar tawa, 'yarsa ta fari, karatun kwamfuta ta yi a jami'a. Ita ta sa wa tsohuwar kwamfutar shagon wata babbar manhaja mai tafiyar da komai da ake kira Linux, wai kyauta ne, kuma cutar da ke zuwa a filofi, ɗan faifan nan da kwastomomi ke kawo aiki a ciki, ba ta cika kama shi ba. Ta nuna mini wata baƙar taga da ake rubuta wa kwamfutar umarni a ciki. In kana son sabuwar manhaja sai ka rubuta apt-get install da sunanta, in cirewa za ka yi kuma apt-get remove. Da za ta tafi bautar ƙasa ta ba ni kalmar sirrin da ke buɗe komai, ta ce don larura ce, ba don iyayi ba. Ta san halina sarai, ni mutum ce mai rawar kai, in na ga an yi abu sau biyu shi ke nan na zama gwana.

A cikin kwastomominmu akwai wani Malam, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ɗan gidan malamai ne gaba da baya. Littafi yake rubutawa a kan iyayensa da kakanninsa da malaman da suka karantar da su. Duk sati sai ya kawo mini 'yan shafuka da rubutun hannunsa, in buga, ya zauna kusa da ni in karanta masa, ya gyara. Wajen shekara biyu muna haka. Idonsa ya fara rauni, har rubutun nasa ya koma manya-manyan baƙaƙe suna hawa suna sauka a kan layi.

Akwai wata al'ada tasa da sai na faɗe ta za a gane girman abin da na yi. Duk babin da muka gama bugawa ya gamsu da shi, sai ya karɓi takardunsa na hannu ya je gida ya ƙona su. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "'Yata, akwai ayoyi da sunayen Allah a ciki, ga kurakurai da na soke. Ba zan bari bayan raina a ƙunsa ƙosai da su ba." Bugawa a takarda kuwa ya ce a bari sai an kammala a fitar gaba ɗaya. Ni ma ban taɓa tunanin kwafa a filofi ba, Allah ya yafe mini. Saboda haka duk duniya babu inda littafin nan yake sai cikin wannan kwamfuta.

Ranar Larabar muka yi da shi zai zo bayan la'asar mu rufe babi na ƙarshe. Da hantsi ina buga wa wani katin ɗaurin aure sai kwamfutar ta fara ƙorafin wuri ya kusa cika. Maimakon in goge tarin tsofaffin katunan biki da suka cika ta, sai na ce bari in nuna na iya. Na buɗe baƙar tagar, na sa ta jero mini duk abin da ke cikinta. Na ga wani suna da ya fara da lib, ban taɓa ganinsa a cikin abubuwan da nake aiki da su ba, na ce to wannan zaman banza yake yi. Na rubuta umarnin cirewa. Kwamfutar ta zubo rubutu ya cika fuskarta har ya wuce, a ƙasa ta tambaya ko a ci gaba. Mai kati na tsaye a kaina yana kallo da sha'awa, ni kuma kaina ya kumbura. Ko layi ɗaya ban karanta ba na danna Y, wato na yarda.

Layuka suka yi ta gudu. Can sai fuskar ta yi ƙif, komai ya ɓace. Babu hotuna, babu inda ake dannawa, babu manhajar rubutu. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa a sama. Na kashe na kunna, haka ta dawo. Na sake, haka. Mai kati ya ce, "Malama, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya dawo gobe.

Abin da ya fara zo mini a rai ba Baba ba ne, ba kuma aikina ba. Malam na tuna, da hannunsa mai rawa, da idon da ba zai sake iya rubuta ko rabin abin da ya rubuta ba. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Baba ya fita sayo takarda, don haka na ruga shagon da ke jikin namu na kira mai gyaran kwamfuta. Ya zo yana taku, ya leƙa, ya taɓe baki. "Ai na sha gaya muku ku bar wannan abin na 'yan jami'a. Ta mutu. Magani ɗaya ne, a yi mata fomatin, a wanke ta tas a zuba irin wadda kowa ke amfani da ita. Kafin azahar na gama." Na ce takardun da ke ciki fa? Ya ce, "Wace takarda? Kin ga takarda a nan?" Ya zaro faifansa daga aljihu. Ni kuma tsoro ya rufe mini ido, ina son dai in ga fuskar ta dawo kafin kowa ya sani. Har na matsa masa ya zauna a kujerata. In da Baba ya ƙara minti biyar a kasuwa, da labarin nan ba da dariya nake ba da shi ba.

Ya shigo da ɗaurin takarda a kafaɗa, ya dube ni, ya dubi mai gyara, ya ce me ke faruwa. Na fashe da kuka na gaya masa. Baba bai san komai a kwamfuta ba, ko kunna ta ba ya yi, amma ya ce wa mai gyara, "Ɗan dakata, ɗana. Wadda ta haɗa ta tana da rai, bari a tambaye ta." Ya ciro salularsa, wadda a lokacin sai magana ta kai magana ake kira da ita. Sai a kira na uku ƙawata ta ɗauka, ya miƙo mini.

Ban gama bayani ba ta katse ni. "Ke! Me kika cire?" Na faɗa mata. Ta yi salati, sai kuma ta bushe da dariya, ni ina kuka ita tana dariya. "Shi ne ginshiƙin da duk manhajoji masu hoto suke tsaye a kai, uwar iyayi. Kin ce a cire shi, suka bi shi. Ai sai da ta jero miki sunayensu. Wa ke kusa da kwamfutar?" Na ce mai gyara, zai yi fomatin. Dariyar ta tsaya cak. "Ya tashi daga kujerar nan yanzun nan! Kayan aiki kika cire, takardunku suna nan. Shi ne zai share su."

Ta sa na rubuta sunana da kalmar sirri a baƙar fuskar, sannan ta ce in rubuta ls. Harufa biyu kacal. Sai ga sunaye sun fito, babi na ɗaya, babi na biyu, har zuwa na ƙarshe, suna jere lafiyarsu ƙalau. Na yi wata irin ajiyar zuciya har Baba ya ce alhamdu lillahi tun bai san me na gani ba. Mai gyara ya mayar da faifansa aljihu ya ce dama shi ma abin da zai duba ke nan, ya sulale.

Ƙawata ta karanto mini sunayen manhajojin da zan mayar, na rubuta a bayan wani katin biki. Ta ce faya-fayanta suna gida a wurin Mama, mahaifiyarta, kowanne da lambarsa, kwamfutar da kanta za ta riƙa faɗin wanda take so. Baba ya hau Vesfarsa ya nufi Fagge. Ashe Mama ta naɗe su a ɗankwali ta adana a cikin kwalla tare da kayanta na fita biki, sai da ya yi mata rantsuwa zai dawo da su cif kafin ta bayar.

Ana idar da la'asar Malam ya yi sallama, ni kuwa ko rabi ban kai ba. Ya dubi baƙar fuskar ya ce yau kuma wane salo ne wannan. Na so in ce gyara ake yi kawai, Baba ma ya bar ni da zaɓina. Na durƙusa na gaya masa komai, har da zancen fomatin. Sai ya tambaye ni.

"Littafin yana nan?" Na ce yana nan, Malam. "Kafin ta cire, ta sanar da ke abin da za ta cire?" Na ce ta sanar. "Kin karanta?" Na sunkuyar da kai na ce ban karanta ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai ita ta fita haƙƙinki. Ni ma da laifina, da na ƙona takarduna ban bar wa littafin ɗan'uwa ba. Tashi ki zauna. Yanzu duk abin da ta rubuto, ki karanta mini da ƙarfi kafin ki amsa mata."

Haka muka yi. Ina karanto sunaye masu wuyar faɗa, yana cewa wannan sakawa za ta yi ko cirewa, in ce sakawa, ya ce to amsa mata. Ta nemi faifai na ɗaya, ta nemi na uku, ta koma na ɗaya, Baba na miƙo mini su kamar mai miƙa ƙwai. Da na kashe na kunna, fuskar ta dawo da hotunanta, na buɗe babi na ƙarshe, ga rubutun Malam daidai inda muka tsaya. Ya matso da fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "A fitar mini da shi a takarda yau, duka." Muka fitar, na kuma kwafa a filofi biyu, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya Baba ya kulle a durowa. Ya rungume takardun nan a ƙirjinsa ya yi ta sa mini albarka, ni da na kusa raba shi da su. Kunya da daɗi suka haɗu mini a lokaci guda.

Littafin ya fito bayan 'yan watanni, kuma Malam ya riƙe shi a hannunsa kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Ni kuwa na ci gaba da aiki da baƙar tagar nan har na iya ta da gaske, yanzu ma da ita nake cin abinci. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk wanda ya tsaya ya tambaye ka ko ka yarda, to ka tsaya kai ma ka ji da me za ka yarda, musamman in abin da ke hannunka na wani ne. Har yau ko takardar makarantar yarana aka kawo in sa hannu, sai na karanta ta tun daga sama har ƙasa, suna ta mita ina yi.