Yatsun Baba Mai Jirgi

Akwai ranar da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ga an ja igiya ta ɗame, ko da ta shanya ce, sai gabana ya faɗi.

Aikina bincike ne a kan dabbobin ruwa masu shayarwa. A gida da ayu na fara, a kogin Kwara, kafin karatu ya kai ni ga na teku. A lokacin muna zaune a Madina, unguwar Ƙurban, maigidana yana aiki a wani kantin magani. Duk mako nakan bi hanyar Yanbu zuwa bakin Bahar Maliya, in yi kwana uku in dawo. Matan unguwarmu “Daktora mai kifi” suke ce mini, na gaji da gyara musu na bari. Abin da nake bi shi ne dabbar da Larabawa ke kira hut, wadda ta kai motar bas tsawo, tana numfashi da huhu tana ba ɗanta nono. Shekara biyar ina bin ta, sau uku kacal na gan ta da idona. Abin da ya rage mini shi ne ɗan guntun fatarta, kamar ƙwayar gyaɗa, don a auna a gane danginta. Babu shi rubutuna ba zai kammala ba, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a kan wannan aiki take rataye.

Mai jirgin da ke fita da mu wani dattijo ne da nake kira Baba. Kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Iyalinsa suna Madina, a unguwar Harra ta Gabas, shi kuwa rayuwarsa duk a teku ya yi ta. Hausarsa rabi Larabci ce, sai in ransa ya ɓaci take fitowa tas.

A wannan ranar, da hantsi, masunta suka kira mu, wai sun ga hut ta sarƙe da igiyoyin kamun kifi. Mu uku muka fita: ni, da Baba, da abokin aikina, wani likitan dabbobi. Muka same ta kwance a saman ruwa, igiya ta naɗe mata baki da gindin wutsiya har ta ci nama. In ta fesar da numfashi sai ka ji kamar an buɗe tukunyar da ta daɗe a rufe, ga wari ga gurnani. Ta gaji matuƙa.

Baba ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce, “Daktora, isma'i, saurara. In kin fara yanka kada ki tsaya. Wannan ta haƙura da mu ne, ba ta yarda da mu ba.”

Na ce, “To, Baba.”

Ya miƙa wa likita injin, shi ya kamo bakin igiya ɗaya ya riƙe don kada tazara ta shiga tsakaninmu da ita. Ni kuma na ɗauki wuƙar da muke ɗaurawa a kan doguwar sanda. Na yanke ta baki. Na yanke ta biyu. Gumi na shiga mini ido, amma aiki na tafiya. Saura ɗaya tak, ta wutsiya, wadda bakinta ke hannun Baba.

A nan ne zuciya ta ce mini, da zarar kin yanke wannan ta tafi, wataƙila sai bayan wata shekara biyu. Ga bayanta nan shimfiɗe a gabana, in na miƙa hannu sai in taɓa. Ga 'yar kibiyar da muke ciro fata da ita da bakanta a gefen ƙafata. Na ce minti ɗaya ne. Na ajiye wuƙa na ɗauki baka.

Na ji Baba ya ce, “La, la, ya binti!”, wato a'a, a'a, 'yata. Amma na riga na saki.

Kibiyar ba ta fi cizon sauro ba a jikin irin wannan dabba, haka muke faɗa a aji. Sai dai wannan ta sha wuya, tsoro ya cika ta. Ta ɗaga wutsiya ta nutse. Igiyar ta zuba a guje, ta naɗe hannun Baba ta matse shi da bakin jirgi. Jirgin ya karkata har ruwa ya fara shigowa. Baba bai yi ihu ba, da Hausa tsantsa ya ce, “Ku yanke! Ku yanke mana!” Ni na daskare. Likita ne ya tsallako ya sare igiyar da adda. Hut ta tafi da sauran a wutsiyarta, jirgi ya dawo daidai, jini ya cika ƙasansa.

Ban san yadda muka kai gaɓa ba. A asibitin Yanbu suka ɗaure hannun suka ce sai Madina, can ne masu aikin ɗinkin jijiya suke. Na bi motar asibiti a baya cikin zafin azahar, duwatsu baƙaƙe na wucewa ta gefe, ba abin da nake maimaitawa sai “Ya Allah, hannunsa.” Bayan isha'i likitan fiɗa ya fito ya ce sun ceci hannun, amma yatsu biyu sun tafi, manuniya da ta tsakiya, na hannun dama. Mutumin da ke cin abinci da jan igiya.

Matar Baba na zaune a kan benci, ta rufe fuska da mayafi. Da ta gan ni ta kama hannuna ta ce, “Allah ya saka miki, 'yata, ke kika kawo shi.” Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari aka ce in rubuta rahoto. Abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, “Daktora, rubuta cewa dabba ta firgita, igiya ta kama shi. Ba ƙarya ba ce. Ni ban ga komai ba, ina wajen inji.” Na san taimakona yake so ya yi. In na rubuta gaskiya za a iya karɓe aikin, in aka karɓe kuwa sai haɗa kaya, ga yara a makaranta. Kwana uku ina juya takardar ban rubuta komai ba. In waya ta yi ƙara sai in zabura, ina zaton Baba ya faɗa. Na je Masallacin Ƙuba na yi raka'a biyu, na kasa roƙon komai, don na san abin da nake so in roƙa shi ne asirina ya rufu a kan yatsun wani. Maigidana bai matsa mini ba. Abin da ya ce kawai, “Kafin takarda, ki fara zuwa wurin mai hannun.”

Ranar da aka sallame shi na tafi Harra ta Gabas bayan la'asar. Na yi ta zagaye a lungunan sau biyu ina wuce ƙofar gidan da gangan. Na same shi a jingine, hannu a naɗe a kan matashi, matarsa tana zuba shayi. Na durƙusa na gaishe su, sannan na faɗi komai ba tare da na ɗaga kai ba.

Matar ta ajiye butar shayin da ƙarfi. “Yani ke ce? Ni ina ta sa miki albarka?” Ta juya ga mijinta. “Kai kuma ka sani ka yi shiru?”

Baba ya ce, “Na sani mana, a gabana aka yi. Jira nake in ga ko za ta zo.”

Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Muka rage mu biyu. Can Baba ya ce, “Igiyar wutsiyar fa, ta fita?”

Na ce, “Ba ta fita ba, Baba. Da ita ta tafi.”

Ya rufe ido. Wannan ya fi yatsun yi masa ciwo, a fuskarsa na gani. Ya ce, “Ni na yafe nawa. Nata kuwa ba ni da ikon yafewa. Je ki rubuta yadda aka yi, kada wani ya sake.”

Na rubuta. Ba a kore ni ba, amma an hana ni jagorancin fita teku shekara guda, kuma na san na cancanci fiye da haka. Baba bai koma jan igiya ba, sai dai ya zauna a inji. Matarsa ta yi kusan shekara kafin ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Hut ɗin kuwa, na yi ta duba hotunan duk wadda aka gani a wannan gaɓa ko zan ga mai tabo a wutsiya. Har yau ban gan ta ba, ban san ko ta rayu ba.

Abin da na koya shi ne, son ilimi ma son zuciya ne in ba a sa masa linzami ba, kuma ya fi wuyar ganewa domin da kyakkyawar riga yake zuwa. Tun daga ranar, in rai yana hannuna, na mutum ko na dabba, sai na gama da shi kafin in tuna da abin da ni nake nema.