Jan Fentin da Ke Bangona

Ni ban yi makaranta ba sai ta allo, ita ma ban kai ko'ina ba na gudu. Amma akwai kalmar Faransanci guda da na haddace tsaf: reyamenajiman. Na fara jin ta ranar da ma'aikatan gwamnati suka shigo layinmu a unguwar New Bell ta Duwala da bokitin jan fenti, suna zana alama a bangon gidaje, har da nawa.

Maƙwabcina mai aikin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa na tambaya. Ya ce, "Baba, sake fasalin unguwa ke nan. A rushe, a buɗe hanya, a gina sabo."

Na ce, "Wa zai shiga sabon?"

Ya ce, "Wannan kam ba ya cikin kalmar."

Sauran ma'anar a jikina na koye ta. Gida mai alama ba a gyara shi, ba kuma mai saye. Sannan aka ce duk wanda suka dawo ba su tarar ba, babu shi a masu samun sabon fili. Sai na zauna. 'Yata ta haihu a Garwa, aka yi suna, aka yaye, ina nan ina gadin bango.

Ruwan Duwala kuwa ba ruwansa da doka. Kwano ya huje, muka jera robobi a ɗaki. A damina ta uku alamar ta fara dusashewa. In ta goge, da me za a san da ni? Na sayo ɗan gwangwanin fenti na hau sabunta ta.

Matata ta leƙo. "Malam, me zan gani? Ka hana a taɓa kwano, ga ka kana yi wa rusau kwalliya!"

"Hajiya, ai ita ce takardarmu."

"To in hadari ya haɗo ka lulluɓa da ita."

Maƙwabta suka yi mini dariya, washegari suka zo aron gwangwanin. Tawa ta fi ta kowa kyau, ba yabon kai ba.

Bara sanyin ɗakin ya kama ƙirjin Hajiya, ta haɗa kayanta ta nufi Garwa. A tasha ta ce, "Ka taho mana, Malam."

Na ce ai dole wani ya zauna.

Kullum Juma'a tana bugo waya. "Sun zo?"

In ce, "Suna hanya."