Bindigar da Baffa Sambo Ya Jefa a Kogi

Baffa Sambo, ƙanen ubana, ya jefa bindigar gadona cikin kogi a Suki. Ba aronta ya yi ta ɓace ba. Ɗauka ya yi daga bayan gadona ranar da na tafi ban ruwa, ya hau kwalekwale, ya sake ta a tsakiyar ruwa. Da na dawo sai ya miƙo mini wata baƙar sanda mai haƙora biyu, wadda ɗansa ya aiko mishi daga Jidda.

"Mene ne wannan, Baffa?"

"Kahraba ce, Isa, sandar lantarki. Ta fi waccan hankali. Wannan in ta kada mutum, yana tashi ku gaisa."

Ku da kunka san shi kun san maganar. Ko a wurin zaman makoki sai ya yi ta.

Na ce ban yarda abin wasan yara zai kada ƙato ba. Ban rufe baki ba ya manna mini ita a cinya. Na tsinci kaina a ƙasa, ƙafata na rawa ita kaɗai, matata na leƙe ta katanga. Da numfashina ya dawo na ce me ya hana shi gwadawa a kan jaki.

"Jakin yana da aiki gobe," in ji shi.

Kuma bayan haka bai ma bar mini sandar ba. Ya ce ban iya riƙo ba, ya rataye ta a wuyansa kamar laya.

Garinmu ba wuta a lokacin. Duk ranar kasuwa sai ya hau jaki zuwa Suki, ya zauna a shagon wani mai aski, ya soka ta a bango ta sha caji. Mai askin ya gaji, wata rana ya ce, "Ya haj, yau aski ko kahraba?"

"Kahraba. Gashin bai nuna ba tukuna."

Kun san yadda muke biki: in anka fito da ango, mai bindiga ya ɗaga ta ya harba sama. Baffa ya ƙi jinin wannan tun bikin da harsashi ya dawo ya sauka a kafaɗar wata tsohuwa. To shi ma bai yarda a bar shi a baya ba. Sai ya kutsa cikin taro, ya ɗaga sandarsa bisa kan ango, ya yi ta latsawa, tar-tar-tar, mata na guɗa. Ba ya dainawa sai ta yi shiru.

Washegarin irin wannan biki ne raƙuma sunka faɗa gonata ta wajen Abu Na'ama, dawa ta kai yanka. Abincin gidana na shekara ke nan. Munka ruga, ni da shi. Mai raƙuman, wani dogo da wuƙa a damtse, yana tsaye yana kallonmu. Ni hannuna na neman abin da ke ƙasan kogi. Baffa ya matsa gabansa, ya ɗora mishi sandar a ƙirji, ya latsa. Shiru. Ya sake latsawa. Shiru.

Mutumin ya duba ta, ya ce, "Ya zol, rediyo kake sayarwa?"

Kafin in gama kore raƙuman, su biyu suna zaune a inuwa, Baffa na shan nonon raƙumi. Rabin dawar ta tafi. A hanya ya ce mini, "Ka gani? Kowa ya koma gida da ƙafarsa." Shekarar nan ƙwadago na yi a hawasha, gonakin wasu, ina tsintar auduga da 'ya'yana. Har yau bayana bai warke ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibitin Wad Madani, na je. Ya rame, sandar na ƙarƙashin matashinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Isa, ka yafe mini."

Na tuna dogon nan mai raƙuma, wanda har yanzu in mun haɗu a kasuwa yake tambayata rediyo.

Na ce, "Baffa, bindigar na yafe. Cinyata ma na yafe. Dawar ce ban yafe ba, sai ka tashi mu yi maganarta."

Bai tashi ba. Allah ya jiƙanka, Baffa, ya haskaka kabarinka. Dawar ma ka riƙe, na bar maka.